Takardar dabbar kwantar da hankali da na saya a intanet, da abin da ta tsinana mini a filin jirgi

Dala 189 na biya wani kamfani da ke sayar da takardun shaidar dabbar kwantar da hankali a intanet, wato dabbar da zamanta kusa da mai ita ke rage masa damuwa, kuma abin da ya iso hannuna shi ne wasiƙa mai shafi ɗaya, da katin roba mai ɗauke da hoton kyanwata, da wata 'yar falmaran ja da aka yi wa rubutu da farin zare, da lambar rajista wadda babu hukumar da ta san da zamanta a duk faɗin Amurka. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin irinsa sun yi yawa, kuma shafukansu sun yi kama da juna kamar an tsaga kara. Duk wanda ke shirin sayen wannan kaya da niyyar shiga jirgin sama da dabbarsa ba tare da biyan kuɗinta ba, to ya riƙe kuɗinsa, domin an rufe wannan ƙofa tun watan Janairun 2021, ko da yake masu sayar da takardun sun ci gaba da tallarsu kamar labarin bai iso gare su ba.

Ya kamata in faɗi yadda aka yi na shiga sahun masu saye, domin ba zan iya ɗora wa kamfanin laifi gaba ɗaya in wanke kaina ba. Ina aikin jinya a birnin Kolombus na jihar Ohayo, kuma mafi yawan aikina na dare ne. Shekara uku da suka wuce mahaifiyata ta rasu a Katsina, aka yi mata sutura aka kai ta makwancinta tun kafin in gama duba farashin tikiti, kuma daga wannan lokaci barci ya ƙaurace mini na watanni. Wata abokiyar aikina ce ta kawo mini 'yar kyanwa a cikin kwali wata ranar Alhamis, shi ya sa na raɗa mata suna Lami. Gaskiya ne cewa zamanta a gidan ya rage mini kaɗaici, kuma gaskiya ne cewa idan ta kwanta a ƙafata nakan samu barcin da ba na samu idan ba ta nan. Amma ban taɓa jin tsoron jirgi ba, ban kuma taɓa buƙatar kyanwa a cinyata kafin in iya tafiya ba. Abin da ya faru kawai shi ne yayata da ke birnin Hustan na jihar Tekzas ta haihu, zan je in yi mata mako biyar, ba ni da wanda zan bar wa Lami, kuma kamfanin jirgin da zan bi yana karɓar dala 150 a kan kowace dabba a tafiya, wata 150 a dawowa. Na auna dala 300 da dala 189, na ga riba, na kuma samu rabin gaskiyar da zan fake da ita. Irina ne ainihin abokan cinikin waɗannan kamfanoni, wato mutanen da ke da ɗan dalili na haƙiƙa da kuma babban kwaɗayin rangwame.

Ta fuskar sauƙin ciniki ba ni da abin kushewa, kuma wannan sauƙin ne ma ya kamata ya sa ni shakka. Shafin yana buɗewa da hoton wata mata tana murmushi a gefen tagar jirgi, ƙaramin kare na kwance a cinyarta. Daga nan sai tambayoyi wajen ashirin, waɗanda aka tsara su yadda duk ɗan Adam mai rai zai amsa da e: ko kin taɓa jin damuwa, ko barci ya taɓa yi miki wuya, ko kina jin daɗi idan dabbarki na kusa. Ban kai ga tambaya ta ƙarshe ba sai da saƙo ya bayyana yana taya ni murna cewa bisa ga dukkan alamu na cancanta. Sai da na biya kuɗi sannan aka ba ni lokacin ganawa da ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta waya, kuma da muka gama na duba wayata na ga kiran bai cika minti shida ba. Washegari kafin azahar wasiƙar ta shigo imel ɗina.

A nan ne aikina ya hana ni yaudarar kaina. Na san tambayoyin da ake yi wa mutumin da ya ce ya yi watanni ba ya barci bayan rasuwar uwarsa. Ana tambayarsa ko yana shan wani magani, ko yana cin abinci, ko yana iya fita aiki, ko tunanin cutar da kansa ya taɓa zo masa, ko akwai likitan da ke duba shi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a tambaye ni ba. An tambaye ni sunan kyanwar da yadda ake rubuta shi da kuma nauyinta. Da na shiga shafin hukumar da ke ba da lasisi na duba lambar da ke ƙasan wasiƙar, sai na tarar lasisin na gaske ne kuma bai ƙare ba, wanda hakan ya fi damuna fiye da a ce na bogi ne, domin ma'anarsa ita ce mutum mai ilimin wannan aiki ya sa hannu a kan cewa ina da larurar da ke tauye mini harkokin rayuwa, alhali bai san komai a kaina ba sai abin da na ga damar faɗa cikin minti shida.

Kayan da suka biyo baya ta gidan waya sun iso cikin kwana huɗu. Falmaran ɗin an ɗinka ta da kyau, ba zan hana ta wannan yabon ba, sai dai Lami ta ƙi ta ƙememe, duk lokacin da na sa mata sai ta kwanta a gefe ɗaya kamar an ɗaure ta. Katin kuma yana da tambari mai ƙyalli da hoton gaggafa, an yi shi yadda wanda ya hango daga nesa zai ɗauka daga ofishin gwamnati ya fito. Amma gwamnatin Amurka ba ta da rajistar dabbobin kwantar da hankali, ba ta ma da rajistar karnukan da aka horar don taimakon masu larura. Dokar kare haƙƙin masu larura ta 1990 ba ta wajabta wa karen taimako riga ko kati ko lamba ba, kuma abin da aka yarda mai kanti ko mai gidan abinci ya tambaya abu biyu ne kacal: shin ana buƙatar karen ne saboda wata larura, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi. Saboda haka lambar da aka ba ni tana cikin kundin kamfanin ne kawai, shi ya rubuta ta, shi kuma kaɗai ke karanta ta.

Ranar tafiya na isa kantar kamfanin jirgin da wasiƙata a cikin leda, na miƙa wa ma'aikaciyar da ke auna kaya. Ba ta ma buɗe ta sosai ba, ta mayar mini cikin ladabi, ta ce shekara da shekaru ke nan da suka daina karɓar irinta, kuma kusan kullum sai an kawo mata guda. Ta ce kyanwar za ta iya tafiya a matsayin dabbar gida idan na biya dala 150, muddin jakarta za ta shige ƙarƙashin kujerar da ke gabana, kuma ba zan fito da ita ba har mu sauka. Na yi sa'a ma akwai gurbi, domin kowane jirgi yana da iyakar adadin dabbobin da yake ɗauka a ɗakin fasinjoji, ni kuwa ban yi wa Lami rajista tun da wuri ba saboda na dogara da takarda. Na biya, na koma gefe na kira yayata ina huci. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ke yanzu da hankalinki, har da karatun jinya, kika je kika sayi takardar ciwo don kyanwa? In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari." Na ce, "Yaya, ai ba ƙarya na yi gaba ɗaya ba." Ta ce to in ajiye wannan bayanin sai na iso, jariri na kuka.

Bayan na dawo ne na zauna na karanta yadda lamarin ya samo asali, abin da ya kamata in yi tun kafin in fito da katin banki. Dokar da ta hana kamfanonin jirage nuna bambanci ga masu larura an kafa ta ne a 1986, kuma a 2003 Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta fitar da bayanin da ya sanya dabbobin kwantar da hankali cikin waɗanda za a bari su shiga ɗakin fasinjoji kyauta. Sharaɗin da aka tsayar daga baya shi ne wasiƙa daga ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa mai lasisi, wadda ba ta wuce shekara ɗaya da rubutawa ba. Ba a nemi wani horo ba, ba a kuma taƙaita abin ga kare kaɗai ba. Da intanet ta sa samun irin wannan wasiƙa ya zama aikin dare ɗaya, sai adadin ya yi tashin gwauron zabi. Ƙungiyar manyan kamfanonin jiragen Amurka ta ƙiyasta cewa an ɗauki irin waɗannan dabbobi 481,000 a 2016, shekarar da ta biyo baya kuma suka kai 751,000. Babu annobar da ta auka wa ƙwaƙwalen matafiya a cikin wata goma sha biyu da za ta bayyana wannan ƙari, labarin rangwame ne ya bazu.

Labaran da suka fi yawo a jaridu masu ban dariya ne. A Nuwamban 2014 an sauke wata mata da aladenta daga jirgin US Airways a jihar Kanetikat bayan ya yi kashi a hanyar wucewa yana ta ihu. A Janairun 2018 kamfanin United ya hana wata mata shiga jirgi da ɗawisu a filin jirgin Nuwak, duk da cewa ta saya masa kujera, kuma a Oktoban shekarar sai da aka sauke dukkan fasinjojin wani jirgin Frontier da zai tashi daga Olando zuwa Kilibland, aka kira 'yan sanda, saboda wata ta ƙi fita da kuregenta. Amma ba dariya ce ta sauya doka ba. A Yunin 2017, a cikin jirgin Delta da zai tashi daga Atlanta zuwa San Diyego, wani babban kare da ke zaune a cinyar mai shi a kujerar tsakiya ya far wa mutumin da ke gefen taga, wanda ba shi da hanyar gudu, ya yayyaga masa fuska har sai da aka yi masa ɗinki 28. A farkon 2018 Delta ya ce rahotannin ɓarnar dabbobi a jiragensa, daga fitsari da kashi har zuwa cizo, sun ƙaru da kashi 84 cikin ɗari idan aka kwatanta da 2016. Ma'aikatar Sufuri ta karɓi ra'ayoyin jama'a fiye da 15,000, ta sanar da sabuwar ƙa'ida a Disamban 2020, ta kuma fara aiki ranar 11 ga Janairun 2021. Ƙa'idar ta ce dabbar taimako a jirgi kare ne kawai, wanda aka horar da shi ya yi wa mai larura wani takamaiman aiki, sauran kuwa kamfani yana da ikon ɗaukarsu a matsayin dabbobin gida ya karɓi kuɗinsa. Manyan kamfanonin ƙasar ba su ɓata lokaci ba wajen amfani da wannan iko.

Kamfanin da na saya a wurinsa ya san duk wannan. Da na koma shafin na gangara can ƙasa, sai na tarar da layi biyu da ƙananan haruffa masu launin toka, suna cewa ba a tilasta wa kamfanonin jiragen Amurka karɓar wasiƙar ba, amma wasu kamfanonin ƙasashen waje suna iya karɓa. Wato gaskiyar tana nan don kare kai a gaban alƙali, hoton matar da ke gefen taga kuma yana sama don jawo mai saye.

Abin da ya fi ɓata mini rai ya zo ne lokacin da na rubuta ina neman a mayar mini da kuɗina. Wanda ya amsa bai musanta komai ba, sai ya ba ni shawarar in ƙara dala 99 a sauya mini wasiƙar zuwa ta karen taimako na masu larurar ƙwaƙwalwa, wanda har yanzu doka ta ba shi damar shiga jirgi kyauta. Ya bayyana mini cewa doka ba ta ce sai wata makaranta ce za ta horar da karen ba, mai shi ma yana iya horar da abinsa, don haka abin da ya rage kawai shi ne in cike fom ɗin Ma'aikatar Sufuri in shaida cewa an yi horon. Na tuna masa cewa Lami kyanwa ce, sai ya tambaye ni ko ina da kare a gidan. Bayanin da ya yi game da doka daidai ne: kamfanin jirgi yana iya neman a aiko fom ɗin awa 48 kafin tafiya, kuma fom ɗin yana dogara ne a kan shaidar mai karen game da lafiyarsa da horonsa da ɗabi'arsa. Abin da bai faɗa ba shi ne fom ɗin takardar gwamnatin tarayya ce, kuma an rubuta a jikinta ɓaro-ɓaro cewa yin ƙarya a cikinta laifi ne da dokar tarayya ke hukuntawa. Ga baƙo irina, wanda zamansa a ƙasar da lasisin aikinsa suka rataya a kan tsabtar sunansa, wannan shi ne a je neman gira a rasa ido.

A hanyar dawowa daga Hustan na ga wanda ke biyan kuɗin wannan ciniki. Muna zaune muna jiran a kira mu, akwai wani dattijo makaho da babban karensa baƙi kwance a ƙarƙashin kujerarsa, wanda sai da na yi kusan rabin awa kafin in lura da shi, saboda ko motsi ba ya yi. Sai ga wata mata ta iso da ɗan ƙaramin kare sanye da falmaran ja irin ta Lami sak, yana jan igiya yana haushi, kuma da ya hango baƙin karen sai ya yi kansa. Karen dattijon ya ɗaga kai ya dubi mai shi, bai tashi ba. Dattijon kuwa ya miƙe tsaye yana laluben linzamin karensa, yana tambayar abin da ke faruwa, domin shi haushi kawai yake ji yana matsowa, ba ya ganin girman abin da ke tafe. Ba zan iya rantsuwa cewa matar ƙarya take yi ba, larura ba ta bayyana a goshi, amma karen da aka horar ba ya yin haka. Mu da muka tashi muna ganin makaho da ɗan jagoransa mun san cewa wanda ya ture ɗan jagora makahon ya ture. Horar da karen jagora yana cin kusan shekara biyu da dubban daloli masu yawa, kuma karen da aka taɓa kai wa hari yana iya tsorata har ya kasa komawa aiki. Ban da wannan, duk lokacin da kare mai riga ya yi haushi ko ya yi fitsari a gaban jama'a, ma'aikata suna ƙara zargin mai karen gaskiya da zai zo bayansa, sai a tsare shi da tambayoyin da ba a saba yi masa ba. Na dubi jakar da ke gaban ƙafata, na tuna cewa irin wannan rigar tana cikin akwatina.

Ba na ganin sabuwar ƙa'idar ba ta cutar da kowa ba. Akwai mutanen da tsoron jirgi ko firgici ke kama su da gaske, waɗanda dabba marar horo ke sauƙaƙa musu tafiya, kuma dala 300 a kowace tafiya ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurinsu. Su ne suka yi asarar haƙƙin da aka kafa dominsu, kuma ba su ne suka lalata shi ba.

Wuri ɗaya ya rage da irin wannan wasiƙa ke da amfani, shi ne gidan haya, domin dokar gidaje ta tarayya daban take da dokar jirage, kuma a ƙarƙashinta mai larura yana iya neman mai gida ya bar shi ya zauna da dabbar da ke taimaka masa ko da an hana dabbobi a ginin. To amma ko a nan ɗin ba zan ba da shawarar wannan kamfani ba. A Janairun 2020 Ma'aikatar Gidaje ta Amurka ta bayyana cewa takardun da ake saye a shafukan da ke ba duk wanda ya amsa 'yan tambayoyi ya biya kuɗi ba su isa hujja su kaɗai ba. Jihar Kalifoniya kuma, tun daga farkon 2022, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi aƙalla kwana 30 yana hulɗa da mutum kafin ya rubuta masa irin wannan wasiƙa don kare. Wanda ke da larura ta gaske ya fi masa ya je wurin likitan da ya san shi. Ni da na kai wa likitata maganar rashin barcin a ganawarmu ta gaba, sai da muka yi minti arba'in muna tattaunawa, ta tura ni wurin mai ba da shawara, kuma ta ce idan wata rana na buƙaci wasiƙa don gidan haya za ta rubuta mini ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Tafiyar da kyanwa a matsayin dabbar gida kuwa, wadda na yi ta ƙoƙarin kauce wa, ba ta zo da wata wahala ba. A wurin binciken tsaro dole ne a fito da ita daga jaka a riƙe ta a hannu yayin da jakar ke wucewa ta na'ura, don haka na nemi a kai mu ƙaramin ɗaki mai ƙofa don kada ta kuɓuce, aka kuma kai mu ba gardama. Ta yi kuka lokacin tashi, daga nan ta yi shiru har muka sauka.

Bayan saƙonni bakwai da barazanar kai ƙorafi bankina, kamfanin ya mayar mini da dala 60, ya ce sauran kuɗin ganawa ne da na kaya, kuma waɗannan ba a mayarwa. Idan tauraro biyar ne ma'auni, ɗaya zan ba shi, shi ma don telan da ya ɗinka falmaran ɗin. Wata goma sha ɗaya bayan haka suka aiko mini da saƙo cewa wasiƙata ta kusa ƙarewa, in sabunta ta da rangwamen kashi 20 cikin ɗari, kuma a saman saƙon matar nan tana zaune a gefen tagar jirgi da karenta a cinya.